Ta'aziyya Daga Tsallaken Titi

Shekarun baya na taɓa suma a filin makarantarmu a nan Kontagora, kuma ba ciwo ne ya kayar da ni ba, kwat ne. Dogon kwat na soja mai kaurin bargo biyu na saka a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare sai ya sami inuwa kafin ya gyaɗa kai. Na ɗaga wuyan kwat ɗin har ya rufe kunnuwana, na karkata hula, na shiga layi ana karanta sanarwa. Abu na ƙarshe da na gani shi ne shugaban makaranta ya zama mutum uku, kowanne da takarda a hannu. Da na farfaɗo na tarar an shimfiɗe ni a gindin mangwaro, yara biyu suna riƙe da kwat ɗin kamar sun ɗauko mushen jaki. Tambayar da na fara yi ita ce ina hulata.

Shekara biyar ke nan, wanda a wajen ɗan shekara sha tara kusan zamanin jirgin Annabi Nuhu ne. Saboda haka yanzu ina iya ba da labarin. Sumar ita ce ɓangaren da kowa ya sani, ita ake tuna mini har gobe. Akwai ragowar da ban cika faɗa ba.

Daga wani ƙauye kusa da Rijau aka kawo ni makarantar sakandare. Mahaifina ya damƙa ni a hannun kawuna, tsohon soja wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma duk sun watse neman abinci. Gidan ɗaki uku ne, mu biyu a ciki, sai wata kaza da ban taɓa ganin ta yi ƙwai ba. Kawu mutumin waje ne. Daga ƙofar gida zuwa masallaci taku ɗari ne, amma shi sai ya ci awa guda, don sai ya gaida kowa, ya tambayi iyali, ya tambayi akuyar da ta karye bara. Ni kuwa ina gida, ina cin tuwo ni da kazar.

A gidanmu Dukanci muke yi. Hausata ta kasuwa ce, tana tafiya amma tana ɗingishi. Ranar farko a aji na ɗaga hannu na roƙi alli, aka yi dariyar da ba ta lafa ba har aka tashi tara. Daga ranar na gane cewa bakina kamar akwatin wasa ne, da na buɗe sai jama'a su taru. Sai na rufe shi.

Mutum ɗaya ne bai ƙyale ni na rufe ba, wanda muke benci ɗaya da shi. Shi ma yana yi mini dariya, har ya fi kowa, amma a gabana yake yi, in ya gama kuma ya ce, "Sake faɗa, ɗan Rijau, wannan karon kar ka haɗiye rabin kalmar, ba tuwo ba ce." Ya raba dafaffen rogonsa biyu ya tura mini rabi. Wannan shi ne abokina, kuma in na ce abokina ba ina nufin ɗaya daga ciki ba. Shi ke nan gaba ɗaya. Asalinsu wani ƙauye ne gefen Ibeto, mahaifiyarsa da ƙannensa suna can, shi da mahaifinsa ne a gari. Mahaifin tela ne, yana da rumfa a kasuwa.

A shekarar aka kawo mana wani malami Ba'amurke, dogo kamar turken waya, wanda rana ta gasa har ya koma kalar manja. Lissafi yake koyarwa. Na so shi tun ranar farko saboda dalili guda: Hausarsa ta fi tawa lalacewa. Wannan malami yana da injin majigi, kuma duk bayan mako biyu ana aiko masa da fim daga Kaduna a cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faifan tuwo. Ranar Asabar bayan azahar sai mu toshe tagogin ɗakin taro da barguna, a rataya farin zanen gado a bango, a tayar da injin wuta. Mu zauna mu ɗari biyu a cikin duhu muna dahuwa kamar wake.

Yawancin abin da ake aiko masa tsofaffin finafinan bincike ne, marasa kala. Kusan duk tafiyarsu ɗaya. Akwai wani mutum mai hula da dogon kwat, yana zaune shi kaɗai a ofis, fanka na juyawa a kansa. Sai wata mata ta shigo, gashinta na ƙyalli kamar an juye masa kwalbar man gyaɗa, rigarta na walƙiya, tana riƙe da sigari mai tsawon sandar makiyayi. An kashe wani, ko an sace wani abu. Mai hular ya fita cikin ruwan sama, ya bi wannan, ya mari wancan, a ƙarshe ya nuna mai laifi.

Turancinsu ta hanci yake fita, da gudu kuma, ba mai kama ko kalma. Abokina ne ya ɗauki nauyin fassara mini, a kunne, ba tare da ya fi ni jin komai ba.

"Ka ji abin da ta ce? Ta ce, Malam, tunkiyata ta ɓata tun ranar kasuwar Ibeto."

"Shi kuma fa?"

"Ya ce, Hajiya, da wannan rigar kika je kiwon? Dole ta gudu."

Nakan toshe baki da hannu biyu har hawaye su zubo. Wata rana sai da aka tsayar da inji aka fitar da mu.

Daga waɗannan finafinai na haɗa ilimina na ƙasar Amurka, kuma na riƙe shi fiye da yadda na riƙe jadawalin lissafi. A Amurka rana ba ta fitowa. Ruwa ake yi shekara da shekaru, amma ba mai noma. Mota ɗaya ta kai tsawon ajinmu. Ba mai uwa, ba mai kawu, ba mai zuwa rijiya. Babban abin da ya kama ni kuwa, ba a gaisuwa. Mai hular nan zai tura ƙofar mutane ya shiga ba sallama. Zai gama magana a tarho ya kife ba sai an jima. Ba ya tambayar kowa kwanan iyali, kuma ba wanda ya taɓa ce masa mara tarbiyya. Shi kaɗai yake cin abinci, shi kaɗai yake tafiya a titi, amma duk inda ya bi kiɗa na bin sa.

A nan ne abin ya shige ni. Ni ma ai ni kaɗai nake cin abinci. Ni ma ba na magana. Bambancina da shi kawai hula, kwat da kiɗa. Kiɗa ya fi ƙarfina, amma sauran biyun ana iya nema.

Kwat ɗin na kawu ne, na tono shi a ƙasan akwatin ƙarfe, yana warin shekara ashirin. Hula kuma wata tsohuwar malafa ce na rage mata baki da reza, na shafe ta da baƙin tukunya da ɗan mai. In na yi gumi sai baƙin ya riƙa gangarowa ta goshina, in koma kamar wanda ya leƙa cikin murhu. Hannuwan kwat ɗin sun wuce yatsuna da kamu guda, sai abokina ya ja ni rumfar mahaifinsa.

Baba tela, haka nake kiransa, ya ɗaga kwat ɗin sama ya dube shi, ya dube ni.

"Wannan mutum nawa za su shiga?"

"Shi kaɗai ne, Baba," in ji abokina. "Ɗan sandan ciki ne yanzu. Na Amurka."

"To, ranka ya daɗe, a yi mana afuwa, ba mu san da manya muke tare ba. Miƙo hannu. Kai, miƙe shi sosai, ba bara na ce ka yi ba."

Ya rage hannuwan, ya ɗaga gindin don kar in riƙa share kasuwa, har ya ƙara mini aljihu a ciki wai na ajiye sirri. Da ya gama ya sa aka kawo fura, ya ce babban jami'i ba ya bincike da yunwa. Tun daga ranar duk sanda na wuce sai ya tsayar da keken ɗinki ya sara mini. Rumfar nan ita ce wuri na biyu a duk Kontagora da nake zama in ji ba a matsa mini in tashi ba. Na farkon shi ne bencinmu.

Na daina gaisuwa. Wanda ya ce mini ina kwana, sai in taɓa bakin hula da yatsa biyu in wuce. Tsofaffin unguwa suka kai ƙara wajen kawu, ya ce ƙuruciya ce, in zafi ya ishe ni zan tuɓe. Zafin ya ishe ni, na suma, na farfaɗo, ban tuɓe ba. Makaranta ta hana ni shiga da kwat, sai na riƙa naɗe shi a buhu, ina fita ƙofa in saka. Gaskiyar magana na ji daɗin lokacin nan. Da can in na yi shiru, ɗan ƙauye ne mai tsoron magana. Yanzu in na yi shiru, bincike nake yi.

Cikin finafinan akwai wani da aka binne wani mutum. Jama'a sun taru a bakin kabari da baƙaƙen lema. Mai hular bai shiga cikinsu ba. Ya tsaya can nesa a gindin wata bishiya, ruwa na zuba a kafaɗarsa, bai ce uffan ba. Da aka gama ya taɓa hula ya juya. Kiɗan da aka sa a wurin sai da ya sa tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, ka ga baƙin ciki na manya. Sauran duk hayaniya suke, wannan shi ne ya fi kowa jin mutuwar.

Ana gab da faɗuwar damina Baba tela ya kwanta. Kwana huɗu abokina bai zo makaranta ba, rana ta biyar da safe aka shigo aji aka ce Allah ya yi masa rasuwa. Kawu ba ya gari, ya tafi Rijau duba wata ƙanwarsa. Da yana nan da labarin nan bai kai haka tsawo ba.

Na koma gida na zauna a bakin gado, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka baro ni a garin nan. Kazar ce kawai shaida. Da na share fuska sai na ɗauko kwat ɗin da shi ya gyara mini da hannunsa, na saka, na ɗora hula.

Na bi jana'iza daga baya, tazarar jifa biyu. Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan da suke haya, aka fara zaman makoki. A tsallaken titi akwai wata bishiyar dogon yaro mai inuwa. Nan na tsaya, na jingina kafaɗa, na sunkuyar da hula. Ina ganin abokina a tsakiyar baffanninsa da suka zo daga ƙauye, an sa masa wata riga da ta fi shi girma. Mutane na zuwa, su tuɓe takalmi, su durƙusa, a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa. Ya ɗago ya gan ni. Na taɓa hula da yatsa biyu. Da la'asar ta yi na juya na tafi a hankali, yadda na ga ana yi.

Rana ta biyu na koma. 'Yan ajinmu suka zo a jere, har da waɗanda ba su taɓa yi masa magana ba, kowa ya durƙusa ya faɗi abin da ake faɗa. Can sai ga malaminmu Ba'amurke a kan keke. Ya jingine keken, ya tuɓe takalmi, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a tabarma da ƙyar kamar ana naɗe tsani. Aka ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Ya fi awa guda a zaune. Wallahi tausayinsa na ji. Na ce bawan Allah ya daɗe a ƙasar mutane har ya manta al'adar garinsu.

Rana ta uku aka yi sadaka, aka rarraba waina da gumba. Wani yaro ya tsallako ya miƙo mini, na girgiza kai, don ban taɓa ganin mai hula yana cin waina a bakin aiki ba. Bayan azahar, da mutane suka ɗan ragu, sai na ga abokina ya tashi, ya zura takalmi, ya tsallako titi. Idanunsa sun kumbura. Ya tsaya a gabana, ya dubi kwat ɗin, ya daɗe yana duban hannuwan.

"Ɗan Rijau, kwana uku ke nan. Tabarmar ba ta cizo."

Na ƙara sunkuyar da hula.

"Baffannina suna ta tambaya wane ne wancan. Na ce abokina ne. Suka ce abokinka kuma a can? Zo mu je ka zauna, ko minti biyar ne. Ba sai ka ce komai ba."

A nan ya kamata in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, har da kaina. Na san kalmomin. Tun daren farko nake maimaita su a ɗaki: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Amma duk sanda na hango dattawan nan a jere da 'yan ajinmu a gefe, sai in ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ina tsoron in durƙusa in buɗe baki kalmar ta fito a karkace, wani ya ƙunshe dariya a zaman makokin Baba tela. Ina kuma tsoron in fashe da kuka a gaban mutane. Hular ta ba ni wurin ɓuya, har ta sa ɓuyar ta yi kama da jarumta.

Na gyara murya, na saukar da ita ƙasa yadda mai hula ke yi, na ce, "Ina gani daga nan."

"Kana gani."

"Ina gani."

"Fim ne?"

Bai jira amsa ba. Ya juya ya tsallaka, ya tuɓe takalmi, ya koma wurinsa. Bai ƙara ɗagowa ba har na tafi.

Washegari Asabar ce, ba a nuna fim ba. Na tarar da malamin shi kaɗai a ɗakin taro yana goge injin majigi da tsumma. Na ɗan fara zargin akwai matsala, saboda haka na je neman wanda zai ce na yi daidai. Maganarmu rabi Hausa ce rabi Turanci, na miƙar da ita ne a nan.

"Sa, na gan ka a gidan makoki."

"Ni ma na gan ka. Me kake yi a gindin bishiya? Na zaci an sa ka gadin kekuna."

"Irin na ƙasarku na yi, Sa. Yadda ake yi in babban mutum ya mutu."

Ya ajiye tsumman. Ya sa na sake faɗa, na kuma ba shi labarin fim ɗin da lema da bishiya. Sai ya zauna a benci ya riƙe kai.

"Yaro, ni ɗan manomi ne. Masara muke shukawa. Garinmu bai kai rabin Kontagora ba. In aka yi mutuwa, mata suna kawo abinci har tebur ya rasa wurin ajiye cokali, maza su cika ɗaki su zauna, ko ba su da abin faɗa. Wanda ya tsaya a gindin bishiya, kakata da kanta za ta fita ta jawo shi da kunne."

"To mai hular fa?"

"Ban taɓa ganin irinsa ba. Ko sau ɗaya. Ruwan saman nan da tiyo ake zuba shi. Titin katako ne da fenti, in ka zagaya bayansa ba komai. Mutumin kuma in an gama ɗauka gida yake tafiya wajen matarsa da 'ya'yansa."

Na ji kamar an ce mini kawu ba soja ba ne.

Ya ce kar in ɗauka ni kaɗai ne. A garinsu ma duk Asabar suna cika gidan silima, su fito kowa ya canza tafiya. Shi kansa a fim ya koyi riƙe sigari, ya yi wata guda yana gwadawa a gaban madubi kafin ya taɓa kunna ta. Yayarsa ta ƙona gashinta da ƙarfe mai zafi don ya kwanta irin na matan nan. Wani ɗan baffansa ya sayar da shanunsa ya tafi birnin da ake yin finafinan don a sa shi a ciki, yana can yana wanke kwanuka a gidan abinci, yana aiko da hotonsa sanye da hula. Har sunayen 'yan wasan ake sa wa jarirai.

"Mu ma kallo muke yi, kamar ku," in ji shi. "Mun san ƙarya ce, muna kuma so mu zama ita."

"To Sa, me ya sa kake nuna mana?"

Ya dubi injin. Sannan ya ce a duk garin nan, in ba a cikin injin nan ba, ba inda yake jin ana magana da irin muryar gidansu. Ya ɗauki tsumman, ya ce in tafi gidan makoki yanzu, in kuma bar hular a hanya.

Ban tafi a ranar ba. Kunya ta riƙe ni, na ce sai gobe. Da yamma kawu ya dawo, kuma kafin ya iso ƙofar gida mutum goma sha ɗaya sun ba shi labari, don shi ba ya wuce kowa. Na shirya wa duka, har na saka wando biyu. Bai taɓa ni ba. Ya tsaya a tsakar gida yana dubana.

"Mutumin da ya ba ka fura."

"Kawu, ni a fim na..."

"Na binne abokai a ƙasar da ban san sunan bishiyoyinta ba. Ko a can, da harsashi na wucewa, muna durƙusawa. Da kwat ɗina ka yi wannan?"

Da sassafe ya saka babbar riga, ya riƙe wuyan hannuna kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa, muka tafi. Ranar bai tsaya gaida kowa ba, abin da ya tsorata ni fiye da duka. Muka tarar an naɗe tabarmi, an share ƙofar gida. Mai gidan ya ce ai jiya da hantsi baffannin suka tafi da yaron, da keken ɗinkin da komai. Shi ne babba a 'ya'yan marigayi, ga damina ta kawo kai, gona na jira. Wato lokacin da nake ɗakin taro ina neman a yaba mini, shi yana bayan lori.

Ragowar zangon ni kaɗai na zauna a bencinmu. Ba wanda ya dawo wurin, sai na riƙa ajiye littattafaina a gefensa don kar ya yi faɗi da yawa. Ranar Asabar nakan shiga kallo, mata mai ƙyalli ta shigo ta yi ta magana, ba mai gaya mini tunkiyar wa ta ɓata.

Da aka ba da hutu kawu ya zaunar da ni ya sa na maimaita ta'aziyya har sau ashirin, ya saka ni a lorin Ibeto. Daga nan na taka a ƙasa, dawa ta kai gwiwa. Na sami gidan, na yi sallama, na tuɓe takalmi tun daga zaure. Na durƙusa gaban mahaifiyarsa da baffanninsa na faɗi kalmomin nan uku. Sun fito a karkace kamar yadda na ji tsoro. Ba wanda ya yi ko murmushi, don a gidan kowa Hausarsa a karkace take, Kambarci suke yi. Mahaifiyar ta ce Allah ya ba da lada, ta ce ashe ni ne mai kwat, marigayi yana yawan ba su labarina in ya zo.

Aka kira abokina daga gona. Ya yi baƙi, ya rame, hannunsa ya yi kanta. Na sake durƙusawa na yi masa tasa daban.

"Ya haƙuri?"

Bai gyara mini kalma ba. Cewa ya yi, "Da godiya. An zo lafiya? Ya hanya? Ya wajen su kawu? Ya karatu?"

Ya jero mini gaisuwa cikakkiya, ba abin da ya rage, irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa. Ya kawo ruwa, ya kawo tuwo, ya zauna har na ci. Ina ta jira ya ce ɗan Rijau, ko ya ce na haɗiye rabin kalma. Bai ce ba. Na ce masa na yi kuskure, na fara bayanin tsoro da harshe da hula, ya ce ba komai, ya wuce. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ya rako ni har bakin hanya. Na tambaye shi ko zai dawo makaranta, ya ce to wa zai yi noman. Muka tsaya muna jiran mota. Da lorin ya taho sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yanzu wa ke fassara maka?"

"Ba kowa."

"To sai ka dage da Turanci."

Na dage. Yanzu ina jin kusan duk abin da suke faɗa, kuma in gaya muku gaskiya, nasa ya fi daɗi. Har yau ina son finafinan nan, ba zan yi muku ƙarya ba. In an kashe fitila, mata mai ƙyalli ta turo ƙofa, zuciyata tana bugawa kamar da. Sai dai yanzu ina lura da inda suke tsayar da labari. Mai hula ya kama mai laifi, ya juya baya, ya bi titi shi kaɗai, kiɗa ya tashi, a kunna fitila. Ba sa bin sa har ɗaki su nuna shi zaune a bakin gado da kwano ɗaya, don ba wanda zai zauna cikin zafi ya kalli wannan. Ni na san wurin, na zauna a ciki. Ina gaisuwa yanzu har kawu yana cewa na fi shi, kuma in aka yi rasuwa a unguwa ni ne na farko a tabarma, da karkatacciyar Hausata. Sau biyu an yi mini dariya. Ban mutu ba.

Abokina bai dawo makaranta ba. Na rubuta masa wasiƙa uku, ya amsa ɗaya. Bara ya yi aure, a bakin wani direban lori na ji.